Stelio Mai Yankan Makulli

Shekara arba'in da shida Stelio Vascotto ya yi yana yankan makulli a wani ɗan shago da ke gangaren jami'a a Trieste ta Italiya, kuma ko sau ɗaya bai taɓa yarda da ƙidayar da hukuma ke yi wa mutanen garin ba. In jarida ta ce mutum dubu ɗari biyu ne suka rage, sai ya taɓe baki ya ce masu ƙirgar ba su taɓa tsayawa a bayan injinsa a watan Satumba, lokacin da ɗalibai ke dawowa, ba. Shi ya san gidan da aka rubuta sunan tsohuwa ɗaya a ƙofarsa, amma an yanka masa makulli bakwai. Ya san wanda matarsa ta fatattaka, don ita ce za ta fara zuwa a sauya mata makullin ƙofa. Ya kuma san wanda ya mutu, saboda 'ya'yansa za su sauko daga Milano, kafin furannin kabarinsa su bushe sun zo a yanka musu biyar biyar, za a zuba ɗalibai a gidan.

Shi kansa ba a garin aka haife shi ba, ko da yake ba ya son a tuna masa. A Isola aka haife shi, can ƙetaren iyaka. Yana ɗan shekara biyar iyayensa suka ɗora katifa da keken ɗinki a bayan babbar mota suka ƙetaro tare da dubban 'yan gudun hijira. Shekara huɗu suka yi a wani sansani da ke kan dutse, cikin ɗakin katako, bargo ne ya raba su da maƙwabta. 'Yan gari na cewa waɗannan baƙin sun zo cinye gidaje da ayyuka. Ubansa, wanda masunci ne a da, ya ƙare da sharar tashar jiragen ruwa. Stelio ya shiga koyon gyaran makulli yana da sha huɗu, ya buɗe nasa shagon yana da ashirin da bakwai, ya auri Ondina, 'yar unguwar San Giacomo, mai goge ofisoshin wani kamfanin inshora. Mace ce gajera mai kaifin baki, wadda ba a taɓa kai ƙarshen magana da ita ba. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Ilaria.

Garin kuwa kowa ya san halinsa. Akwai kuɗi, amma tsofaffin kuɗi ne a hannun tsofaffin mutane. Ranar Lahadi in ka tsaya a babban dandalin da ke kallon teku, sai ka ƙirga karnuka goma sanye da riga kafin ka ga keken jariri ɗaya. Duk abin da aka ce za a yi sabo, amsar ɗaya ce: ba zai yiwu ba. Stelio ya koyi wannan amsar fiye da waɗanda aka haifa a cikinta. Daga Afrilu zuwa Oktoba, kullum da rana zai rufe shago ya hau bas zuwa Barcola, ya shimfiɗa tawul a kan siminti a bakin ruwa, cikin wasu tsofaffi da rana ta gasa su har sun yi kamar soyayyen kifi. Shugabansu Fulvio Cossutta ne, wanda ya yi ritaya daga inshora yana da hamsin da shida, ake ce masa Dakta, ba wanda ya san dakta a me. Shi ke karanta musu jarida, kuma daga shafin mamata yake farawa.

"Jiya sha ɗaya sun tafi," in ji Fulvio. "An haifi uku."

"Ukun ma ka duba sunayensu, duk na baƙi ne," wani zai ce.

Daga nan sai a koma kan ɗalibai. A wannan fannin Stelio ne gwani, tun da shi ke zaune a tsakiyarsu. Suna jingina kekuna a ƙofar shagonsa, suna zubar da kwalin abinci a ƙasa, ba su iya gaisuwa ba, rabinsu daga kudu suka zo ba a jin abin da suke faɗa. Ranar da ɗayansu ya gama karatu kuwa, sai a ɗora masa rawanin ganye a ka, a bi shi da waƙar zagi ana watsa masa fulawa da ƙwai, a bar wa mutane sharar. Abu ɗaya ne Stelio ba ya faɗa a Barcola: babu mai ɓatar da makulli a duniya kamar ɗalibi, kuma da wannan halin nasu ya sayi gida, ya ɗauki nauyin karatun 'yarsa.

Ilaria ta karanci ƙera jiragen ruwa a jami'ar nan ta kan tudu. Ranar da ta gama, Stelio ya ɗaura lakataye, ya sayi fulawa kilo biyu da kansa, shi ya fi kowa watsawa, yana kuka yana rera waƙar da ya shekara talatin yana tsine wa. Ta yi shekara biyu tana aikin wata shida shida a gari, ana sabunta mata ana ce mata ta yi haƙuri. Sai wani kamfani a Kiel ta Jamus ya kira ta. Ta tafi, ta auri wani dogo mai suna Torben, ba ta dawowa sai hutun Agusta, shi ma da ta haihu ya tsaya.

"Mu raina, mu koyar, su kwashe," in ji Stelio a tashar jirgin ƙasa.

"To riƙe ta mana," Ondina ta ce. "Ka ba ta aikin share maka garin ƙarfe."

Abin da ya sa har yau ake labarin Stelio a unguwar ya faru ne yana da shekara sittin da bakwai. A ƙarshen titinsa akwai tsohuwar masana'antar sabulu da aka rufe shekara talatin, ba kowa ciki sai tattabaru da ɓeraye, kuma ba ta taɓa damun kowa ba. Kwatsam aka ji wani kamfani ya saye ta, zai mai da ita gidan kwanan ɗalibai. Cikin mako ɗaya Fulvio ya kafa kwamitin kare martabar unguwa, mutum talatin da ɗaya, lauyoyi da matan marigayan lauyoyi. Aka yi taro a zauren coci. Stelio ya miƙe ya yi jawabin kekuna da kwalin abinci da ƙwai, aka tafa masa har wata tsohuwa mai rigar gashi ta sumbace shi a kumatu. Aka ajiye takardar koke a kan teburin shagonsa, duk wanda ya shigo sai ya sa hannu kafin a taɓa masa makulli. Har ɗalibai biyu sun sa, ba su karanta ba.

Bai taɓa jin daɗi irin na wannan watan ba. Mutanen da shekara arba'in suna miƙo masa makulli ba tare da sun kalli fuskarsa ba, yanzu suna tsayawa a titi su ce, "Malam Vascotto, ina kwana." Ondina dai sai ranar da ya nemi ta goge masa farar riga don taro na biyu ta tanka.

"Kai da Dakta kun zama ɗaya ke nan?"

"Unguwarmu ce duka."

"Unguwarku. Shekara ashirin ina goge masa tebur, har yau bai riƙe sunana ba, Nerina yake ce mini. Ungo rigar."

Kwana uku kafin taron, wani mutum mai hular kwano ya shigo shagon da makullin kwaɗo a hannu, yana so a yanka masa huɗu. Ya ce sunansa Injiniya Bressan, shi ke kula da aikin masana'antar sabulu. Stelio ya ɗaure fuska, amma aiki aiki ne. Yana yanka yana tambaya a daƙile.

"Wai mutum nawa za ku jibge mana?"

"Ɗaki ɗari uku da ashirin," in ji Injiniya. "Kowa da ɗakinsa, kowa da ƙofarsa."

Ya biya ya fita. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai yi alkawarin komai ba, bai ma san da takardar koken da ya jingina gwiwar hannunsa a kai ba. Amma Stelio ya kashe inji ya zauna. Ƙofa ɗari uku da ashirin. Kowace ƙofa makulli biyu. Ga ƙofar waje, ga ɗakin wanki, ga rumfar kekuna. Ga shi kuma duk ɗalibai ne, masu ɓatar da makulli kafin su haddace lambar ɗakinsu, kuma shagonsa ne kaɗai tsakaninsu da jami'a. Da yamma ta yi, takardar koke ta koma ƙarƙashin tebur.

Sai dai mutum ba ya tashi gaban lauyoyi ya ce ya sauya ra'ayi saboda makullai. Kwana biyu yana neman hujja, har ya tuna yana da wata da bai taɓa amfani da ita ba. Ranar taro ya miƙe cikin farar rigarsa, kowa na jiran kekuna da ƙwai. Sai ya ce shi ma baƙo ne. Ya ba su labarin babbar mota da katifa da keken ɗinki. Da dabara ya fara, yana satar kallon fuskokinsu. Amma da ya kai kan ɗakin katako, da sanyin da ya kashe jaririyar maƙwabtansu a bayan bargo, da ranar da mahaifiyarsa ta je neman hayar ɗaki a wannan titin aka leƙo ta taga aka ce mata ba a ba irinsu, sai dabarar ta kuɓuce masa. Shekara sittin bai faɗa wa kowa ba, har Ondina. Ya tsaya gaban mutane yana share hanci da hannun rigar da aka goge masa, ya ma manta da ƙofofi ɗari uku da ashirin.

Da an bar shi haka, wataƙila da ya koma ya zauna an ci gaba da taro. Amma Fulvio ya gyara tabarau ya yi murmushi.

"Abin tausayi, wallahi. To Stelio, makulli nawa suka ce za su ba ka?"

Aka fashe da dariya. Abin da ya fi ƙona wa Stelio rai shi ne mutumin ya faɗi gaskiya, kuma a daidai lokacin da ta daina zama gaskiya.

"Makulli kake so mu ƙirga, Dakta? To mu ƙirga. Gidanka na titin Via Giulia, ɗaki uku, makulli takwas na yanka maka bara. Na bayan asibiti, shida. Wanda ka gada wurin gwaggonka, har ɗakin ajiyar kaya ka sa wa gado, yarinyar da ke ciki sai ta fito waje take sa riga." Ya juya. "Lauya Pertot, goma sha ɗaya. Signora Degrassi, ke da kika sumbace ni, tara, kuma har yau ba ki gyara musu ruwan zafi ba, kullum sai sun faɗa mini. Ba hayaniyarsu kuke tsoro ba. Tsoronku kar su sami inda ya fi naku."

A cikin talatin da ɗayan nan, sha tara ya yanka wa makullan ɗalibai, kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya bai tsallake kowa ba. Limamin cocin ya yi ta ɗaga hannu, a banza. Kafin ya kai ƙarshe rabin kujerun sun zama wayam. Kwamitin bai sake zama ba. Da suka fito Ondina ta riƙe masa hannu, abin da ta daɗe ba ta yi ba, suka taka har gida. Sai a bakin ƙofa ta ce, "Ka ɓata rigar."

Washegari ya je Barcola ya tarar an ajiye jaka a inda yake shimfiɗa tawul. Ba wanda ya ɗago kai. Ya matsa can gaba kusa da wasu mata masu wasan kati, ya kwanta shi kaɗai. Masu gidajen haya kuma suka ɗauke ƙafa daga shagonsa, don mai yankan makulli da ke da baki ba abin yarda ba ne. Suka koma wa injin da ke babban kanti, wanda makullinsa ɗaya cikin uku ba ya buɗewa amma ba ya magana. Stelio bai damu ba. Ya sayo sabon inji daga Veneto, ya yi odar ɗanyen makulli, wanda ba a yanka ba, guda dubu cikin akwatuna huɗu, ya jera su a bayan shago. Kullum da safe sai ya taka ƙarshen titi ya tsaya da hannu a baya yana kallon magina, yana ba su shawarar da ba su nema ba.

Shekara biyu aka yi ana gini. Ranar buɗewa aka gayyaci mutanen unguwa, aka raba lemo da 'yan guntayen burodi da kifi. Injiniya Bressan ya gane shi, ya ja shi da fara'a ya nuna masa ɗaki na farko a hawa na ɗaya. Stelio bai kalli gado ko taga ba. Ƙofar ya kalla. Ya sunkuya, ya shafa, ya sake sunkuyawa. Babu rami. Wani ɗan baƙin akwati ne kawai a saman mariƙin. Injiniya ya ciro kati daga aljihu ya kara, wata koriyar fitila ta kama, ƙofa ta buɗe.

"Ka gani? Ko da waya ma ana buɗewa. Yaran nan ka san su da ɓatar da makulli, sai muka ce mu hutar da kowa."

"Duka ɗari uku da ashirin ɗin?"

"Har rumfar kekuna."

Stelio ya ce abin ya yi kyau ƙwarai. Ya ci guntun burodi ɗaya don kar a ce wani abu, ya sauko. Ondina na jiransa a waje. Ta dubi fuskarsa sau ɗaya, ta buɗe baki, sai kuma ta rufe. A duk zaman aurensu wannan ce kyauta mafi girma da ta taɓa yi masa, kuma ta riƙe har kwana biyu. A na uku, suna cin miyar wake da kabeji, ta tambaye shi ko ana iya dafa ɗanyen makulli.

Ya ƙara shekara huɗu a shagon yana lallaɓawa, gwiwa na ciwo, ido na raguwa. Yana da saba'in da uku ya sauke ƙofar ƙarfe ya miƙa wa mai gida makulli. Yanzu ana sayar da shayi mai ƙanƙara a wurin, ɗalibai na layi har titi.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya gyara duk abin da ke gidan har da wanda bai lalace ba, ya fara bin Ondina kasuwa yana gaya mata yadda ake zaɓen kifi. Wata na uku ta dawo da wata takarda ta ajiye masa kusa da faranti. Ta rubuta sunansa a ajin Jamusanci na makarantar tsofaffi, Talata da Alhamis, ƙarfe goma na safe.

"Ni? Makaranta? Da furfurata?"

"Jikarka ta shekara biyar, in an ba ka ita a waya sai ka yi ta ɗaga mata hannu kamar kurma. Ka je ka koyi yarenta. In ba haka ba ɗayanmu zai kwana a kurkuku."

Ya tafi yana gunaguni, da sabon littafi da fensir biyu. Ajin cike yake maƙil, mutum ashirin da shida, ba mai ƙasa da sittin da biyar, kowa da ɗa ko 'ya a Munich ko Vienna ko Zurich. Kujera ɗaya ce ta rage, a layin gaba, kuma wanda ke kusa da ita Fulvio Cossutta ne, ya rame, da sanda a jingine. Ɗansa na Graz ta Austria, ya auri 'yar can. Shekara shida ba su yi magana ba. Stelio ya zauna yana kallon allo. Malamar, wata 'yar shekara talatin, ta ce kowa ya juya ya tambayi na kusa da shi sunansa da inda ya fito.

Fulvio ya juyo, ya karanto tambayar daga littafi da ƙyar. Sannan ya ƙara da yaren gari, ƙasa ƙasa, "Kar ka ba ni labarin katifar nan kuma."

"Kai ma kar ka ce mini Dakta ne sunanka. Nan kowa jaki ne."

Da aka tashi suka sha gahawa a tsaye a shagon kusurwa, suka yi ta zagin nahawun Jamusawa. Ba wanda ya ba wani haƙuri.

Wata takwas Stelio ya yi yana haddace jimla shida. A bazara suka hau jirgi shi da Ondina zuwa Kiel. Ilaria ta buɗe musu ƙofa, yarinyar na maƙale da ƙafarta, mai farin gashi irin na ubanta, sunanta Frieda. Stelio ya durƙusa a kan gwiwarsa mai ciwo, ya gyara murya, ya ce mata da Jamusanci shi ne kakanta, ya zo daga Italiya, yana murnar ganinta, kuma yau akwai rana. Yarinyar ta saurare shi har ƙarshe. Sai ta ɗaga kai ta dubi uwarta, ta ce da yaren San Giacomo tsantsa, har da jan muryar masu sayar da kifi:

"Mama, me ya sami tsohon nan? Ya sha ne?"

Torben ne kaɗai bai gane ba. Ilaria ta zauna a ƙasa don dariya. Ashe duk yammar Asabar, in Stelio ya tafi kallon ƙwallo, Ondina na kan waya da yarinyar awa guda, tun tana shekara biyu. Ya juyo ya dube ta.

"Kin san tana jin yarenmu kika tura ni makaranta?"

"Ka tambaye ni?" in ji Ondina, tana cire takalmi. "Tashi daga ƙasa, ka tare hanya."

Sati biyu suka yi. Frieda ta riƙa gyara masa Jamusanci a teburin abinci, shi kuma ya koya mata kamun ƙananan kaguwa da igiya a bakin tashar ruwa, duk da ya ce wannan ruwan toka-tokan bai kai a kira shi teku ba. Da suka dawo, Ondina ta ɗauka ya gama da makaranta. Amma Oktoba na kamawa ya sake rubuta sunansa, aji na biyu. A jarrabawar ƙarshen shekara Fulvio ya fi shi da maki uku, kuma Stelio ya rantse ya ga takardar satar amsa a cikin hannun rigarsa.